Machiko Hasegawa: Matar da Ta Mai da Hirar Tsakar Gida Ta Zama Tarihin Ƙasa

Yau tafiya za mu yi mai nisa, har ƙasar Japan, can gabashin duniya, domin ku ji labarin wata baiwar Allah mai suna Machiko Hasegawa. Sana'arta zane ce. Kusan duk rayuwarta a cikin gida ta yi ta, tsakanin uwa da ya da ƙanwa, kuma abin da ta yi ta zanawa shekara da shekaru bai wuce abin da ke faruwa a ɗakin girki da wurin cin abinci ba. Amma da wannan ɗin ne sunanta ya shiga kowane gida a ƙasarsu.

Bari in fara da bayanin sana'ar, don mu tafi tare. Mutanen Japan suna da abin da suke kira manga, wato labari da ake ba da shi ta hanyar zane. Ana raba takarda gida-gida, a zana mutane a kowane gida, abin da suke faɗa kuma a rubuta shi cikin ɗan da'ira kusa da bakinsu. Yara na karantawa, manya na karantawa. Da yawa daga cikin katun ɗin Japan da yaranmu ke kallo a talabijin, a takarda suka soma a matsayin manga. Irin wanda Machiko ta shahara da shi gajere ne ƙwarai, gida huɗu kacal, a jere daga sama zuwa ƙasa. Na farko ya buɗe zance, na biyu ya ja shi, na uku ya karkatar da shi inda ba a zata ba, na huɗu ya ƙulle da abin dariya. Jarida ke bugawa, ɗaya a kowace rana.

An haifi Machiko ranar 30 ga Janairu, 1920, a garin Taku da ke jihar Saga, a tsibirin Kyushu na kudancin Japan. Tana ƙarama iyayenta suka koma birnin Fukuoka, a can ta tashi. Mahaifinta injiniya ne da ya yi aiki a wajen haƙar kwal, daga baya ya kama kasuwancin kansa, gidansu kuma akwai rufin asiri. Tun tana 'yar mitsitsiya ba ta ganin takarda ta ƙyale, sai ta cike ta da zane. A shekarar 1933 mahaifin ya rasu bayan doguwar jinya, Machiko na da shekara 13. Aka bar uwa, mai suna Sadako, da 'ya'ya mata uku: Mariko babba, Machiko, sai auta Yoko. Ba ɗa namiji ko ɗaya.

To, 'yan uwa, a nan ne labarin ya ɗauki hanya. A Japan ta wancan zamani, namiji ne shugaban gida a idon doka, mace ba ta jefa ƙuri'a, kuma abin da aka saba tsammani daga bazawara mai 'ya'ya mata shi ne ta lallaɓa ta aurar da su. Sadako sai ta duba abin da Allah ya hore wa kowace ɗiya. A 1934 ta kwashe su suka koma Tokyo, babban birnin ƙasar. Mariko ta shiga koyon zanen fenti. Ita kuwa Machiko, wata rana ta furta cewa tana sha'awar zama almajirar Suiho Tagawa, wanda a lokacin ba mai zanen manga da ya kai shi suna, saboda labarinsa na wani baƙin kare soja mai suna Norakuro. Uwar ba ta ɗauki maganar a shirmen yara ba. Ta sa Mariko ta raka ta har gidansa da littafin zanenta a hannu. Ya duba, ya ga yarinya na da hannu, ya karɓe ta.

A 1935, tana da shekara 15, aka buga zanenta na farko a wata mujallar 'yan mata mai suna Shojo Club. Da ta gama makaranta ta zauna gidan malaminta na wasu watanni, kamar yadda almajiran sana'a ke yi a can, sai kewar gida ta dame ta, ta koma wajen uwarta, ta ci gaba da aiki daga ɗaki. Ana haka kuɗin da mahaifinsu ya bari suka ƙare. Daga nan zanen da ake yi don sha'awa ya zama shi ne cefanen gidan: Mariko na yi wa littattafan marubuta zane, Machiko na yi wa mujallu.

Sai ga Yaƙin Duniya na Biyu. Takarda ta yi wuya, mujallu suka ƙanƙance, hukuma ta sa ido kan duk abin da za a buga. A 1944 iyalin suka bar Tokyo suka koma Fukuoka don gudun ruwan bama-bamai, Machiko ta samu aiki a sashen zane na jaridar Nishinippon. Yaƙin bai bar gidansu ba. Mariko ta yi aure, ba ta daɗe da zama amarya ba aka tafi da mijin fagen daga, bai dawo ba. A watan Yuni na 1945 jiragen Amurka suka ƙona wani babban sashe na Fukuoka. A watan Agusta aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, Japan ta miƙa wuya, sojojin Amurka suka shigo suka riƙe ƙasar har zuwa 1952. Yunwa ta yi tsanani, shinkafa sai da katin rabo, mata na ɗaukar tufafinsu na ado su tafi ƙauye su musanya da dankali.

A cikin wannan hali ne wata sabuwar jaridar yamma ta Fukuoka, mai suna Fukunichi, ta nemi Machiko ta riƙa yi mata zanen barkwanci na kullum. Gidansu na kusa da bakin teku, a wani wuri da ake kira Momochi, inda takan fita shan iska da ƙanwarta Yoko. A can ta haɗa mutanen labarinta, shi ya sa duk sunayensu na teku ne. Tauraruwar ita ce Sazae, sunan wani irin dodon koɗi na teku da ake ci. Mahaifinta Namihei, daga kalmar igiyar ruwa. Mahaifiyarta Fune, wato jirgin ruwa. Ƙanenta Katsuo sunan kifi ne, ƙanwarta Wakame sunan ciyawar teku ce da suke miya da ita. Daga baya aka samu miji, Masuo, da ɗa, Tarao, su ma sunayen kifaye. Labarin aka raɗa masa Sazae-san. Wannan “san” ɗin kalmar girmamawa ce, kamar mu ce Malama Sazae.

Zane na farko ya fito ranar 22 ga Afrilu, 1946. Ku riƙe wannan kwanan wata, domin kwana 12 kafin nan, ranar 10 ga Afrilu, matan Japan suka jefa ƙuri'a karo na farko a zaɓen ƙasa, har mata 39 suka shiga majalisa. Wato Sazae ta zo daidai lokacin da ƙasar ke tambayar kanta wane irin matsayi mace za ta samu. Ga ta nan kuwa: budurwa mai fara'a, mai surutu, mai garaje, mai yawan mantuwa. Takan yi kuskure a gaban baƙi, takan kori ƙanenta da gudu in ya yi ɓarna, ba ta ɓoye abin da ke ranta. Mutanen da suka sha wuyar yaƙi suka buɗe jarida suka ga layin karɓar abinci, da ƙarancin gawayi, da dabarun uwargida na yadda ɗan abin da ke tukunya zai ishi kowa, duk an mai da su abin murmushi. Suka ga kansu.

A ƙarshen shekarar 1946 iyalin suka sake komawa Tokyo. A nan uwar ta yi abin da ya sauya rayuwarsu. Ta sayar da gidansu na Fukuoka, ta miƙa wa 'ya'yanta kuɗin, ta ce su tattara zanen Sazae su buga littafi da kansu. Ba ta ce su kai wa wani babban kamfani ba. Suka kafa nasu kamfanin ɗab'i, suka sa masa suna Shimaisha, ma'ana kamfanin 'yan uwa mata. Machiko na zane, Mariko na riƙe harkar kuɗi da maɗaba'a da dillalai, daga baya Yoko ta shigo tana taimakawa.

Kada ku ɗauka abin ya tafi sumul. Littafi na farko, da ya fito farkon 1947, sun yi shi mai faɗi, a kwance, ba irin girman da masu shaguna suka saba jerawa a kanta ba. Sai aka riƙa dawo musu da shi, har littattafai suka cika gida, kuɗin gida kuma ya tafi. Wata uwar da ta yi ta faɗa ke nan har a gaji. Sadako kuwa ta ce laifin girman littafi ne, ba na abin da ke ciki ba, don haka a ranto kuɗi a buga na biyu a ƙaramin girma. Aka yi haka. Na biyu ya samu kasuwa, waɗanda suka karanta shi suka dawo neman na farko, har tulin da ke gida ya ƙare. Hausawa na cewa in da rai da rabo, amma fa a lura, ba zama suka yi suna jiran rabo ba: sun gano inda matsalar take, suka gyara ta.

A ƙarshen 1949 Sazae-san ta koma kamfanin jaridar Asahi, ɗaya daga cikin manyan jaridun Japan, da farko a fitowar yamma, daga 1951 kuma a fitowar safe. A nan ta zauna har ranar 21 ga Fabrairu, 1974. In aka haɗa duka, zanen ya haura 6,000, aka tattara su a littattafai 68, kuma Shimaisha ta sayar da kwafi sama da miliyan 60.

Me ke cikin labarin da ya riƙe mutane shekara 28? Gida ne guda mai hawa uku na zuriya: kakanni, 'ya'ya, jika. Bayan Sazae ta yi aure, ita da mijinta sun dawo gidan iyayenta da zama, Masuo ya zama mai zaman gidan surukai, yana ta kaffa-kaffa. Har yau in namiji na zaune gidan iyayen matarsa a Japan, akan kira shi da sunan Masuo. Namihei uba ne mai faɗa, amma sau da yawa shi ake yi wa dariya. Fune ce mai sanyin hali da ke riƙe da gidan ba tare da ɗaga murya ba. Babu sarki a labarin, babu jarumin yaƙi. Rigimar ba ta wuce wa ya cinye abin da aka ajiye wa baƙo, ko albashi ya ƙare wata bai ƙare ba.

Sai dai da yake kullum ake zanawa, duk abin da ya shigo ƙasar sai ya biyo ta ƙofar gidan su Sazae. A shekarun farko ana maganar katin rabo da sojojin Amurka a titi. A shekarun 1950 sai ga injin wanki da firiji da talabijin sun fara shiga gidaje, kowace uwargida na hangen na maƙwabciya. A 1964 Tokyo ta karɓi wasannin Olamfik. Daga baya aka shiga kukan tsadar kaya, da hayaƙin masana'antu, da cunkoson jirgin ƙasa, da fafutukar mata, wadda Sazae da kanta ta tsoma baki a ciki. Saboda haka a yau mai son sanin yadda talakan Japan ya rayu bayan yaƙi, me ya ci, me ya sa, me ya dame shi, yakan koma ga waɗannan littattafai. Littattafan tarihi sun rubuta sunayen ministoci da yarjejeniyoyi. Farashin kifi da ranar da aka daina wanki da hannu kuwa, Machiko ce ta adana su.

Aikin bai zo mata da sauƙi ba. Ki ƙaddara, uwargida, kullum ta Allah sai kin nemo sabon abin dariya, ko kina lafiya ko ba kya lafiya, miliyoyin mutane na jira da safe. Ciwon ciki ya riƙa damunta. Sau da dama ta ajiye alƙalami ta huta, har akwai lokacin da ta ji ta tsani sana'ar gaba ɗaya, sannan ta dawo. A 1967 aka yi mata babban aiki aka yanke mafi yawan tumbinta. Kuma ta gaji da zama mai labarin gidan kirki kawai. Shi ya sa a 1966 ta ƙirƙiro wani labarin a mujallar Sunday Mainichi, mai suna Ijiwaru Baasan, wato muguwar tsohuwa, wata gyatuma mai keta da ke wahalar da kowa. Mutane suka so ta, domin a ƙarƙashin ketar akwai kaɗaicin tsufa da rashin mai kula.

Akwai kuma wani yaƙin da ta yi, wanda nake so mu kasa kunne a kansa sosai. Wani kamfanin motocin safa ya zana fuskokin Sazae da Katsuo da Wakame a jikin motocinsa na yawon buɗe ido, ya yi ta amfani da su kusan shekara 20 ba tare da izininta ba. Machiko, wadda aka sani da kunya da gudun taro, ta kai ƙara. A 1976 kotun Tokyo ta yanke hukunci cewa an ci haƙƙinta, ta sa kamfanin ya biya diyya. Hujjar kamfanin da za a iya kawowa ita ce ba wani zane takamaimai aka kwafa ba. Kotu ta ce tunda duk wanda ya ga fuskokin ya san na Sazae-san ne, to haƙƙin mai su ne. Wannan shari'a ta zama abin kafa hujja ga masu zane da suka biyo baya a Japan.

A ranar 5 ga Oktoba, 1969, tashar Fuji ta fara nuna Sazae-san a talabijin a matsayin katun, kuma ya zauna a yammacin Lahadi, ƙarfe shida da rabi. A 2013 kundin bajinta na Guinness ya tabbatar da shi a matsayin katun ɗin talabijin mafi daɗewa a duniya. Mu ma'aikatan murya akwai wadda muke jinjina wa a nan: Midori Kato, wadda ta ba Sazae muryarta tun daga ranar farko, kuma a 2019 kundin ya karrama ta saboda cika shekara 50 tana wannan aiki. Shirin ya shiga jinin mutane har suka raɗa wa kasalar da ke kama ma'aikaci da yammacin Lahadi, in ya tuna gobe Litinin, suna ciwon Sazae-san.

Ita kuwa mai abin, ba ta canza zama ba. Ba ta yi aure ba. Ta zauna a unguwar Setagaya ta Tokyo da uwarta da 'yan uwanta, ba ta son hira da 'yan jarida, ba ta son fita taro, yayarta Mariko ce ke tsayawa tsakaninta da duniya. A 1978 ta zana tarihin gidansu, shekara ta gaba tashar NHK ta mai da shi wasan kwaikwayo na safe. A 1982 gwamnati ta ba ta lambar girma ta masu fasaha. Kuɗin da suka samu, ita da Mariko sun sayi zane-zane da kayan fasaha da yawa, a 1985 suka buɗe gidan adana su a unguwar Sakurashinmachi domin kowa ya shiga ya gani. Amma gaskiya ɗaya ce, zaman bai rasa tabo ba. A shekarun ƙarshe zumunci ya yi tsami tsakanin manyan biyu da autarsu Yoko, ta ware ta kama harkarta. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana, kuma inda dukiya da sana'a suka haɗu da jini, sai an yi hattara ninki biyu.

Uwar, Sadako, ta rasu a 1987. Machiko ta bi ta ranar 27 ga Mayu, 1992, tana da shekara 72, sanadin ciwon zuciya. Ta bar wasiyya kada a yi taro, kuma kada a sanar da mutuwarta sai bayan kwana 35. Haka aka yi. A watan Yuli na wannan shekara gwamnatin Japan ta ba ta lambar karramawa ta al'umma, ita ce mai zanen manga ta farko da ta samu, kuma mace ta biyu. A 1993 Mariko ta rufe Shimaisha, kamfanin Asahi ya karɓi buga littattafan.

To 'yan uwana, ba na kawo wannan labari don in ce kowa ta ɗauki fensir ba. Ƙasarsu daban, addininsu daban, al'adarsu daban. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda Machiko ta samo kayan aikinta. Sau nawa mukan ji mace ta ce, ni me na sani, ina cikin gida? Alhali ita ta san ranar da mudun gero ya tashi, ta san abin da yara ke faɗa in manya ba sa nan, ta san yadda ake raba nama ƙwaya biyar ga mutum tara ba a yi rigima ba. Wannan ilimi ne, kuma in ba a adana shi ba, yana tafiya da masu shi. Mai iya rubutu, ko boko ko ajami, ta samu ɗan littafi ta riƙa ajiye irin waɗannan. Wadda ba ta iya ba, ta faɗa wa 'yarta ta rubuta. Jikoki za su gode.

Sannan ku dubi uwar. Ta ga abin da hannun 'yarta ya iya tun tana shekara 14, ta nema mata malami, ta sa wa sana'ar jari, kuma da aka yi asara ta farko ba ta kashe mata gwiwa ba. Sannan ku dubi 'ya'yan. Da sun sayar wa wani kamfani littafin tun farko, da ribar kwafi miliyan 60 aljihun wani ta shiga. Ke mai saƙar hula, ke mai haɗa turaren wuta, ke mai rubuta labari a littafin makaranta bayan sallar isha, ki san nawa ake sayar da kayanki a kasuwa, ki san wa ke ɗauka da sunan wa, kuma in za a yi yarjejeniya, a rubuta, a sa shaidu, ko da da ɗan uwa ne.

Nan za mu dakata a yau. Allah ya sa albarka a abin da hannuwanmu ke yi, ya shirya mana zuriya, ya bar zumunci. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. A huta lafiya, wassalamu alaikum.